Muhawara: Auduga, rimi ko faiba, wanne ya dace da cikon bargon ƙyallaye?

Maman Hanifa (Unguwar Dosa):
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar ɗinki. Ni ba tela ba ce, ina dai taɓa ɗinki a gida don sha'awa idan na dawo daga aiki, da keken ƙafa ƙirar Butterfly. Ragowar atamfa ta taru mini har ta cika bakko, wasu daga kayana da na yara, wasu kuma telan da yake mana ɗinki ne ya tara mini, kuma na ƙudurta zan haɗa su in yi bargo mai hawa uku, wato fuska ta ƙyallaye, da ciko a tsakiya, da shafi a baya, kafin sanyin Disamba ya kankama. Katifar ƙafa 6 ce, tsawo da faɗi. Haɗa fuskar bai dame ni ba, cikon ne ya tsaya mini a rai. Wata maƙwabciyata ta ce in sayi faiba irin wadda masu ɗinkin zanen gado suke amfani da ita, surukata ta ce auduga ita ce gaskiyar magana, wani kuma ya kawo batun audugar rimi da ake cusa wa matashin kai. Ina so in ji daga bakin wanda ya taɓa yi, musamman game da wanki, domin bargon lulluɓa nake so, ba na ajiya ba.

Malam Sabo Tela (Kasuwar Barci):
Wa alaikumus salam, Hajiya. A matsayina na wanda ɗinki ne sana'arsa, shawarata ita ce ki sayi faiba ta shimfiɗe, wadda ake sayarwa a yadi, ba ta warwatse da ake cusa wa filo ba. Ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, kuma ba ta dunƙulewa idan an yi mata layukan ɗinki masu tazarar inci 4 ko makamancin haka. Abin da zan hana ki kai tsaye shi ne soso, domin wasu suna sa siririn soso saboda arha, amma idan ya sha wanki da rana sai ya fara marmashewa a ciki, babu kuma hanyar fitar da shi sai an farke bargon gaba ɗaya.

Sai dai kin ce fuskar ba ta dame ki ba, ni kuwa a nan nake ganin mutane suna faɗuwa. Ƙafa 6 inci 72 ke nan, idan kika ƙara inci 9 a kowane gefe don ya sauko ya rufe katifar, kina neman inci 90. Da ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda zai tsaya a inci 6 bayan ɗinki, za ki buƙaci 15 a kowane layi, layi 15, jimla 225, kuma kowanne za ki yanka shi a inci 6 da rabi saboda abin da ɗinki zai ci. Idan kika zaɓi inci 5, adadin ya koma 324. Ni na fi son inci 6 ga atamfa saboda zanenta manya ne, ƙaramin yanka yana kashe shi. Ki yanki kwali mai kauri a kan wannan awon, ki riƙa zana kowane ƙyalle da alli a jikinsa, kada ki yarda da awon ido. Dalili shi ne, idan kowane haɗi ya ci kashi ɗaya cikin takwas na inci fiye da ƙima, to a haɗi 14 na layi guda kin yi asarar kusan inci 2, kuma a lokacin da kika zo haɗa layi da layi za ki ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa.

Hajiya Goggo (Kawo):
Sabo, Allah ya yi maka albarka, lissafinka ya fita, amma ban yarda da kai a kan faiba ba. Faiba roba ce, kuma wanda ya kwana a cikinta ya san yadda take: da farkon dare ta yi daɗi, can tsakar dare mutum ya jiƙe da gumi ya yaye ta, da asuba sanyi ya dawo ya same shi a buɗe. Sanyin Kaduna ba irin na Jos ba ne, na asuba ne da na iskar hunturu, saboda haka abin da ake so shi ne mayafi mai ɗan nauyi wanda yake kwanciya a jiki, iska kuma tana ratsa shi. Mu da muka tashi da gwado da luru na saƙar hannu mun san bambancin. 'Yata, idan kin ji tawa, ko dai ki sa auduga, ko kuma ki yi abin da iyayenmu suke yi, ki jera tsofaffin zannuwa biyu ko uku waɗanda suka yi laushi da wanki, ki sa su a tsakiya. Ba za su motsa ba, ba za su dunƙule ba, kuma ba ki kashe ko kwabo ba.

Baba Ɗanlami (Kakuri):
Na yi shekarun ƙuruciyata a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen saƙa, don haka bari in sa baki ta fuskar zare. Yaran yanzu ba su san cewa a da wannan garin na Kaduna shi ne cibiyar yadi a ƙasar nan ba. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna, UNTL, wato United Nigerian Textiles, ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da sauransu, kuma audugar da ake sarrafawa tamu ce, daga wurare irin su Funtuwa da Gusau. A wancan lokacin idan aka ce atamfa, to auduga ce zalla. Yanzu da yawancin abin da yake kasuwa daga waje yake shigowa, akwai mai suna atamfa wadda rabinta ko dukkanta roba ce, kuma wannan ya shafi aikinki kai tsaye, domin bakkon naki na tabbata gauraye yake.

Ga abin da yake faruwa. A lokacin saƙa, zaren tsaye yana miƙe ne a ɗaure da ƙarfi, an kuma shafa masa sitati don kada ya tsinke a kan inji. Ranar da yadin ya fara shiga ruwa, sitatin ya fita, zaren ya saki jiki, sai yadin ya tsuke. Auduga tana yin haka, roba kuwa kusan ba ta yi. Idan kika ɗinke ƙyallen auduga da ba a wanke ba a jikin na roba, wankin farko zai ja ɗaya ya bar ɗaya, fuskar ta tattare, guga kuma ba za ta gyara ta ba. Saboda haka kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke ƙyallayen duka, masu duhu daban, masu haske daban, ki shanya, ki goge. Hanyar gane roba kuwa mai sauƙi ce: ki yanki ɗan siririn gefe, ki riƙe shi da wani ƙarfe a bakin wuta a tsakar gida. Auduga tana ci da wuta da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba tana narkewa ta naɗe, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Ki ware su kashi biyu, ki yi bargon da na auduga kawai.

Game da ciko, ina bayan Hajiya a kan cewa auduga ta fi daɗin jiki, amma ɗanyar auduga aiki gare ta.

Anti Rabi (Malali):
Ku gafarce ni, zan kawo abin da kowa yake kauce masa. A al'adarmu faci alamar rashi ce. Duk kyan da wannan bargon zai yi, ranar da baƙi suka shigo ɗaki suka gan shi a kan gado, akwai wadda za ta fita ta ce Maman Hanifa tsummokara take lulluɓa da su. Ni na ga irinsa a intanet, kuma a gidajen Turawa ya yi kyau, amma abin da ya karɓi wani wuri ba dole ne ya karɓi wani ba. Da ni ce, da na sayi sababbin yadi kala uku masu dacewa da juna na yanka, yadda duk wanda ya gani zai san da gangan aka yi, ba don babu ba.

Malam Nura (Badarawa):
Anti, da girmamawa, maganar cewa wannan aikin Turawa ne ba ta tsaya ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Zariya ko Kano ya ga 'yan lifida, doki da mahayinsa a lulluɓe da sutura mai kauri. Lifidi ba wani abu ba ne illa yadi a sama, yadi a ƙasa, ciko a tsakiya, an bi shi da ɗinki layi-layi don cikon ya zauna, sau da yawa ma fuskarsa haɗin yadi ce ta launuka daban-daban. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan dabarar da Maman Hanifa take tambaya a kanta ta fi shekara 600 a ƙasar Hausa, sai dai ta zauna a hannun masu yi wa fada aiki, ba ta shiga ɗakunan kwana ba.

Kuma inda ta shiga ɗakunan kwana a wasu ƙasashe, ba daga masu kuɗi ta fito ba. A yankin Bengal na Indiya da Bangaladash mata suna jera tsofaffin sari su bi su da ƙananan ɗinkin hannu, su kira shi kantha, wanda shi ne daidai abin da Hajiya Goggo ta kwatanta da tsofaffin zannuwa. A Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, inda mata suka daɗe suna yin barguna da tsofaffin kayan aikin gona saboda sanyi da talauci. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya. Ban kawo wannan don in ce sai Amurka ta yaba abu sannan mu yaba ba, na kawo shi ne don a ga cewa asalin sana'ar tattali ne, kuma sayen sabon yadi a yayyanka shi ne baƙon abu a cikinta.

Anti Rabi (Malali):
Malam, na ji tarihi kuma na ƙaru, amma matan unguwa ba Tarihin Kano suke karantawa ba kafin su yi magana. Ina nan a kan bakana ta fuska ɗaya: idan za a yi da ragowa, to a tsara launi. Abin da yake sa ya zama kamar tsumma shi ne a zuba kowane ƙyalle yadda ya zo hannu.

Malam Sabo Tela (Kasuwar Barci):
A wannan gaɓar Anti tana da gaskiya, kuma maganinsa ba shi da tsada. Atamfa mai surutu ce, idan kika jera 225 kowacce da zanenta, ido ba zai sami wurin hutawa ba. Ki sayi yadi mara zane kala ɗaya, na auduga, baƙi ko shuɗi mai duhu ko ruwan madara, ki riƙa sa shi tsakanin kowace atamfa da 'yar uwarta, ɗaya mai zane, ɗaya mara zane. Da haka atamfar da kike buƙata ta ragu zuwa 113, mara zane 112, kuma aikin zai fito a tsare. Kafin ki fara ɗinki, ki shimfiɗa su duka a ƙasa yadda za su zauna, ki ɗauki hoto da waya ki duba, domin a ƙaramin hoto ake saurin ganin inda ja ya taru wuri ɗaya ko inda duhu ya yi yawa. Kada ki sa leshi ko shadda a ciki. Leshi ba ya jure a ja shi, shadda kuma santsi gare ta, bakinta yana zarewa, ƙyallinta na bugu ne wanda zai tafi a wanki.

Maman Hanifa (Unguwar Dosa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Rabi, maganar mutane ba ta dame ni sosai ba tunda a ɗakina zai zauna, amma na karɓi shawarar tsara launi. Baba, ka ce ɗanyar auduga aiki gare ta, ina so ka faɗaɗa mini. Sannan har yanzu ba wanda ya taɓo audugar rimi, alhali ita ce na fi samu cikin sauƙi, domin akwai mai yin katifa da matashi kusa da mu.

Baba Ɗanlami (Kakuri):
'Yata, rimi ki bar shi a matashin kai. Silin audugar rimi gajere ne, mai santsi, mai rami a ciki, shi ya sa ba a iya kaɗa shi ya zama zare yadda ake kaɗa auduga, kuma shi ya sa ba ya riƙe juna. A cikin matashi ko katifa an cusa shi ne dam a cikin jaka, babu inda za shi. A cikin bargo kuwa shimfiɗa shi za ki yi siriri, kuma duk inda ɗinki ya bar masa fili zai gangara ya taru a kusurwa. Ba ya shan ruwa da sauƙi, har a da da shi ake cika rigunan ceto na jiragen ruwa, wanda yake nufin wankinsa wahala ne: ya ƙi jiƙa, idan kuma ya jiƙa ya dunƙule. Abu mafi muhimmanci shi ne yana kama wuta nan take, kuma lokacin sanyi shi ne lokacin da ake shigo da kaskon gawayi da maganin sauro na kunnawa cikin ɗaki.

Ita kuwa audugar gona, silinta yana da murɗa, yana kama ɗan uwansa, don haka tana shimfiɗuwa. Aikinta shi ne, dole a gurje ta a fitar da angurya tas, domin angurya tana da mai, tana ɓata yadi da tabo, ɓera kuma yana bin ta. Bayan haka a shiɓe ta ta tashi, a shimfiɗa ta da kauri ɗaya ko'ina, sannan a yi mata ɗinki kusa-kusa, tazarar da ba ta wuce inci 2 ba. A bargo mai inci 90, wannan layi sama da 40 ke nan ta fuska ɗaya kawai. Idan aka yi ƙasa da haka, wanki zai tattara ta gudaji-gudaji.

Hajiya Goggo (Kawo):
Malam Ɗanlami ya faɗi gaskiya, kuma yanzu ina za a sami mai bakan shiɓa a cikin garin Kaduna? A ƙauye ne tsofaffi masu kaɗi suke da shi. Shi ya sa na ce tsofaffin zannuwa. Idan kuma kina son ya fi haka kauri, ki shiga wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Barci ki nemi siririn bargo na auduga ko zanen gado mai gashi-gashi irin na ƙasashen sanyi, ki wanke shi da ruwan zafi ki shanya a rana sosai, ki sa shi a tsakiya. Tunda saƙaƙƙe ne, ba ya buƙatar ɗinki kusa-kusa. Kina iya ɗaure shi ma kawai: ki sa zare mai kauri a babbar allura, ki soka a kowace kusurwa inda ƙyalle huɗu suka haɗu, ki dawo da shi sama, ki ƙulla sau biyu, ki yanke ki bar ɗan tsawo. Amma ni ɗinkin hannu na fi so, ana zaune ana hira ana yi, kuma tafiyar allurar hannu tana ba bargo wani laushi da keke ba ya bayarwa.

Malam Sabo Tela (Kasuwar Barci):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, shawarar bargon gwanjo ta fi tawa, na sallama a kan wannan. Amma ɗinkin hannu a kan inci 90 ga mace mai zuwa aiki, ina jin sai sanyin baɗi. Keken ƙafa zai iya, idan an san halinsa. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, haƙoran keke suna jan shafin da yake ƙasa, ƙafar da take danne yadi kuma tana tura fuskar da take sama, sai hawa ukun su riƙa tafiya ba tare ba, a ƙarshen layi ki ga fuska ta yi saura. Maganinsa shi ne ki sassauta abin da yake matse ƙafar daga saman keken, ki ƙara tsawon taku, ki sa allura lamba 16 a maimakon 14 da kika haɗa fuskar da ita, kuma kafin komai ki riƙe hawa ukun da manyan ɗinkin hannu na wucin gadi. Ana yin wannan ne a ƙasa: shafi a ƙasa fuskarsa tana kallon daɓe, a miƙe shi sosai, ciko a kai, fuska a sama, a fara riƙo daga tsakiya ana fita gefe, shafi da ciko kuma su fi fuskar da kamar inci 3 a kowane gefe domin ɗinki yana cin su.

Matsala ta biyu ita ce hammatar keken ƙarama ce, rabin bargon ba zai wuce ta cikinta da daɗi ba ko an naɗe shi. Abin da nake ba masu keken gida shawara shi ne su raba aikin gida uku, kowanne layi 5, wato inci 30 a faɗi, su gama kowane kashi da cikonsa, su bar bakin da ba a ɗinke ba, sannan su haɗa fuska da fuska a keke, su daidaita ciko baki da baki, su kalmashe shafin su rufe da hannu. Shafin kuwa, turmin atamfa yadi 6 ne, inci 216, idan aka raba shi biyu aka haɗa ta tsawo tsawon ya isa, amma faɗin da ƙyar zai kai, don haka yadin zanen gado mai faɗi ya fi kwanciyar hankali.

Maman Sadik (Barnawa):
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bin wannan muhawara saboda ina saƙar kwarashi a gida. Abu ɗaya zan ƙara, tunda na san da yawa za su fara gwaji da ƙaramin bargo na jariri. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a so a lulluɓe shi da mayafi mai kauri ko mai nauyi yana barci, domin yana iya rufe masa fuska kuma ba shi da ƙarfin yaye shi. A yi masa shi a matsayin shimfiɗar wasa a ƙasa, ana kallonsa. Kuma wanda za a yi wa ƙaramin yaro kada a yi masa ƙulli mai saura da zare, kada a sa maɓalli ko duwatsun ado, a bi shi da ɗinki kawai.

Ummi (Rigasa):
Anti Maman Hanifa, idan ya yi kyau me zai hana ki mayar da shi sana'a? Masu haɗa kayan ɗakin amare za su iya so.

Maman Hanifa (Unguwar Dosa):
Ƙanwata, na gode da fatan alheri, amma ki duba lissafin da Malam Sabo ya yi: yanka 225, wanki, guga, haɗi, riƙo, ɗinki, sannan a zo kasuwa a ajiye shi kusa da bargon kamfani da ake sayarwa a cikin jaka. Mai saye zai auna da farashin wancan, ba da wahalar da aka sha ba. Idan kuma na fara karɓar aikin mutane, zan koma ɗinki da agogo a gabana, alhali don in huta nake zama a kan keken. Abin da na tsayar shi ne zan fara da ƙarami, inci 42, wato 7 sau 7, ƙyalle 49, da siririn bargon gwanjo a tsakiya, in gwada keken a kansa kafin in taɓa babban. Saura tambaya ɗaya. A cikin atamfofin akwai wata ja da na san tana zuba, an ce in jiƙa ta da gishiri. Shin yana aiki?

Hajiya Goggo (Kawo):
Mu dai haka muka tashi muka ga ana yi, a jiƙa sabon zane da ruwan gishiri kafin wankin farko.

Baba Ɗanlami (Kakuri):
Hajiya, a gafarce ni, gishiri yana da amfani ne a lokacin rini, a cikin tukunyar, inda yake taimaka wa launi ya shiga zaren auduga. Bayan yadi ya fito kasuwa, gishiri ba ya ɗaure launin da bai kama ba tun farko. Abin da mutane suke gani shi ne jiƙon da kansa yana fitar da rarar launin, sai a ba gishiri lada. 'Yata, ki wanke jar ita kaɗai, ki sake wankewa har ruwan ya fito fari, sannan ki jiƙa ta ki ɗora a kan farin ƙyalle ki danne da dutsen guga mai zafi. Idan farin ya fito fes, ki sa ta. Idan ya ɗauki ko ɗan ja-ja ne, ki cire ta daga aikin, komai kyanta, domin jiƙaƙƙen bargo yana daɗewa bai bushe ba, kuma a wannan zaman ne launi yake tafiya daga ƙyalle zuwa maƙwabcinsa.

Hajiya Goggo (Kawo):
To, na bar wa mai masaƙa maganar gishiri. Amma ta wanki tawa ce. Kada ki ba mai wanki ya buga shi a kan dutse ko ya murɗe shi, nauyin ruwa kaɗai ya isa ya tsinka ɗinki. Ki jiƙa shi a babban baho da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki tattaka da ƙafa, ki ɗauraye, ki danne ruwan ya fita, sannan ku ɗauke shi ku biyu ku shimfiɗa a kan igiya biyu ko uku a jere don nauyin ya rabu, shafin yana kallon rana saboda atamfar kada ta koɗe. Ki wanke shi a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da iska take a bushe, ba da damina ba. Wajen ajiya kuma kada ki ɗaure shi a leda, domin laimar Agusta za ta sa ya yi fumfuna. Ki naɗe shi a tsohon zane.

Malam Sabo Tela (Kasuwar Barci):
Ƙari ɗaya a kan ƙaramin da za ki fara da shi. Bakin bargo shi ne wurin da yake fara mutuwa, saboda nan hannu yake kamawa kullum. Kada ki kalmaso shafin kawai ki rufe. Ki yanki dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi daga yadin nan mara zane, ki ninka shi biyu ta tsawo ki goge, ki ɗinka shi a keke ta fuskar bargon, ki juya shi baya ki kama da hannu. Ga mai inci 42, zagayen inci 168 ne, ki yanka kamar 180 saboda kusurwoyi da wurin haɗa bakin biyu.